Kaskon mai yana taɓa shasi a Chevelle ta 1969: guduma, washa, ko sabon kasko?

"Assalamu alaikum Oga. Ina zaune a Houston, ina da Chevrolet Chevelle ƙirar 1969 da nake gyarawa a garejin gida ranakun hutu. Na sauke injinta 350, an faɗaɗa silinda, na sa sabon karanshaf ya koma 383. Na kuma sayi sabon kaskon baƙin mai na ƙasan inji, mai zurfi, mai cin kwat 7 (kwat ɗaya ya kusa lita ɗaya). Tun injin yana kan sitan, wato ƙarfen da ake ɗaura shi a kai a wajen mota, da na ɗaura kaskon na juya karanshaf da hannu, sai in ji wani 'ƙyas' a wuri ɗaya. Na ɗauka zai wuce, na mayar da injin cikin mota. Yanzu ga gaban rijiyar kaskon, wato ɓangarensa mai zurfi, ya kusa zama a kan ƙarfen shasin da ya gitta ƙarƙashin inji, ko katin banki ba ya shiga tsakaninsu. Wani abokina ya ce in buga wa kaskon guduma, wani ya ce in sa washa a ƙarƙashin injin sit. Ban tayar da injin ba tukuna. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin da ya fi faranta min rai a wasiƙarka shi ne ba ka murza makulli ba. Bar shi a haka har ka gama abin da zan faɗa maka.

Kana kallon abin a matsayin matsalar kasko guda ɗaya, alhali matsaloli biyu ka kawo min, kuma tushensu ba ɗaya ba ne. Ƙarar da kake ji daga ciki take: wani abu mai juyawa yana goga wani abu da ke tsaye. Matsewar da ka gani a kan shasi kuwa daga waje take, kuma sau da yawa ba laifin kaskon ba ne, zaman injin ne bai daidaita ba. Akwai ta uku da ba ka ambata ba domin ba a ganinta da ido, wato tazarar da ke tsakanin rariyar famfon mai da gindin kasko. Ita ce ke kashe sabon inji. Kuma duk abin da ka yi wa ɗaya daga cikin ukun nan, sai ya taɓa sauran. Shi ya sa ba zan zaɓa maka tsakanin guduma da washa ba sai ka auna.

Abin da ya canza da 350 ya zama 383

Lambobin nan jimillar girman cikin silindojin inji ne a inci kubik. Injin 350 na Chevrolet fistinsa yana tafiyar inci 3.48 daga sama zuwa ƙasa. Na 383 yana tafiyar inci 3.75, irin ta injin 400, a cikin silindar da aka faɗaɗa zuwa inci 4.030. Bambancin inci 0.27 ne, ke nan kowane kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, yana fita waje da inci 0.135 fiye da da, wajen milimita uku da rabi, a kowane ɓangare na zagayensa. A takarda ba wani abu ba ne. Amma wanda ya zana bulok ɗin nan a 1955 ya zana shi ne don injin 265 mai tafiyar inci 3, kuma faɗin cikinsa bai ƙaru ba duk da girman da injin ya yi ta yi. Kafin ma ka sa dogon karanshaf, wurin ya riga ya cika.

Saboda haka a 383 akwai wurare huɗu da kan kusar kwanrod ke iya gogawa: gindin silinda, leɓen bulok inda kasko ke zama, bangon kaskon kansa ko gaskit ɗinsa, da kamshaf. Na ƙarshen ya fi faruwa a silinda ta 1, ta 2, ta 5 da ta 6, kuma shi ne mafi tsadar gyara.

Ka ce ƙarar ta fara ne bayan ka ɗaura kasko. Wannan bayani ne mai amfani, domin yana nuna kasko ko gaskit, ba kamshaf ba. Amma ban yarda da tunanin kunne ba. Mutum yana iya juya inji sau da yawa babu kasko bai ji komai ba, saboda kasko ne ke amsa ƙara yana ƙara mata sauti. Sai an gani.

Neman inda yake gogawa

Shawarata ka sake fito da injin ka mayar da shi kan sitan. Na san nauyin wannan magana ga mai aiki shi kaɗai ranar Asabar. Ana iya cire kasko injin yana cikin Chevelle: a cire murfin distiributa don kada ya fashe a jikin bangon mota, a kwance dogayen kusoshin injin sit, a ɗaga injin a sa katako, a juya karanshaf har alamar taimin ta kalli ƙasa don ƙarafan daidaita nauyi na gaban karanshaf su hau sama su ba kasko hanya. Amma idan aikin ya kai ga goge bulok da giranda, ba za ka yi shi kana kwance garin ƙarfe yana zubowa cikin inji ba. Kuma kada ka kuskura ka ɗaga injin da jak ta gindin kasko. Kaskunan da aka lotsa ta wannan hanya sun fi waɗanda hanya ta lotsa yawa a cikin waɗanda suka ratsa hannuna.

Injin yana kan sitan a kife, cire fulogogi don ya juyu da sauƙi. Fara juya shi babu kasko, a hankali, zagaye biyu cikakku, domin kamshaf zagaye ɗaya yake yi a duk zagaye biyu na karanshaf, kuma gogar kamshaf ba ta bayyana a kowane zagaye. Ka riƙe filagej ko waya mai kaurin inci 0.060, wato milimita ɗaya da rabi, kana zura ta tsakanin kowace kusar kwanrod da bulok a daidai inda suka fi kusantar juna. Masu haɗa injin nan galibi suna neman inci 0.050 zuwa 0.060 a ko'ina. Wanda ya ce maka tunda bai taɓa ba ai shi ke nan, bai lissafa cewa ƙarfe yana buɗewa da zafi ba, kuma kwanrod yana miƙewa kaɗan idan inji ya haura juyi dubu biyar a minti.

Idan babu kasko komai lafiya, sai ka shafa wa cikin kaskon baƙar maka ko shuɗin fentin awo a bangarorin biyu, ka ɗora gaskit ɗin da za ka yi amfani da shi, ka ɗaure da kusoshi kaɗan, ka juya. Duk inda ya goga zai bar farin zane. A 383 na fi samun zanen nan a saman bangon kasko, dab da leɓe. Wani lokaci ma kaskon bai taɓu ba, gaskit ne: irin na roba mai guda ɗaya yana da ƙarfe a cikinsa, kuma gefensa na ciki yana leƙowa cikin inji. Wannan a datse shi kaɗan da wuƙa mai kaifi ko ƙaramin fayil ya isa.

Duba gaban kasko kuma, inda ba shi da zurfi. Idan an canza kusoshin manyan metal zuwa dogayen sitod, ko an sa farantin da ke tare mai daga karanshaf, kawunansu suna iya tokare rufin wannan wuri. Alamar ita ce kasko ya ƙi kwanciya daram a kan leɓen bulok sai an matsa shi da kusa. Kaskon da aka tilasta wa zama da ƙarfin kusa zai yi yoyo ko ba jima ko ba daɗe.

In zanen ya fito a bulok, gyaransa goge wurin ne da ƙaramin giranda, kaɗan kaɗan, ana aunawa. Amma wannan aiki ne da ake yi kafin a haɗa inji, sannan a wanke bulok fes. Bayan leɓen nan akwai hanyar ruwa, wanda ya zurfafa guga zai huda ta, bulok ya tashi aiki. In abin ya kai nan, ko kuma ka ga kwanrod yana kusantar kamshaf, mayar wa waɗanda suka yi maka aikin bulok ɗin. Maganin gogar kamshaf ko dai kwanrod da aka ƙera don dogon karanshaf, masu kusa mara noti da kafaɗa a zaftare, ko kamshaf mai ƙaramin gindi. Ba abin da za a yanke daga wasiƙa ba ne.

Rariyar famfo da gindin kasko

A injin nan famfon mai yana baya, a maƙale da murfin babban metal na ƙarshe, kuma daga jikinsa bututu ya sauko da rariya a bakinsa yana zuƙo mai daga rijiyar kasko. Tazarar da ake so tsakanin rariyar da gindin kasko ita ce rubu'in inci zuwa inci 3/8, wato milimita 6 zuwa 10. In ta yi kusa ainun, famfo yana shaƙewa, kamar mai shan lemo da tsinke ya danna bakin tsinken a gindin kwalba. In ta yi nisa, da ka taka birki da ƙarfi ko ka sha kwana, mai ya gudu gefe, rariya ta zuƙi iska, metal ya bushe na daƙiƙa biyu ko uku. Daƙiƙun nan sun isa.

Ga dalilin da ya sa na damu da wannan a motarka. Kaskon asali zurfinsa wajen inci 7 da rabi ne, yana cin kwat 4, filta ta ci ɗaya. Mai kwat 7 irin wanda ka saya yawanci ya kai inci 8 da rubu'i ko fiye. Idan ka bar tsohuwar rariya, tana rataye sama da inci ɗaya daga gindi. Kamfanoni irin su Moroso, Milodon da Canton kowane kasko suna sayar da rariyarsa, kuma rariyar ta dogara da irin famfon. Famfo mai yawan turawa, kamar Melling M55HV, jikinsa ya fi na M55 tsawo, don haka rariya ɗaya ba ta sauka wuri ɗaya a kan su biyun.

Awon ba wuya. Rufe rariyar da ledar abinci don kada wani abu ya shige, ɗora dunƙulen yumɓun wasan yara a kanta, sa gaskit, kifa kasko, ɗaure kusoshin kusurwa huɗu, sannan ka cire ka auna kaurin yumɓun da ya baje. Dole da gaskit, kuma ainihin wanda za ka yi amfani da shi, domin na roba mai guda ɗaya ya fi na kwalaba kauri kuma ba ya lotsewa kamarsa.

In tazara ta yi daidai, a kafe bututun. A wannan inji matsa shi kawai ake yi cikin ramin famfo, kuma girgiza tana iya juya shi ko ta zare shi gaba ɗaya. Ana ɗiga masa walda ko a sa irin mai hannu da ake ɗaurewa da kusar famfo. In walda za a yi, a cire sifirin ɗin da ke cikin murfin famfo tukuna, domin zafi yana kashe shi, matsin mai ya faɗi.

Yanzu ka ga abin da gudumar abokinka za ta yi in ta sauka a inda bai dace ba. Lotsa gaban rijiya yana jan gindin kasko sama. Ka warware matsalar da kake gani, ka ƙirƙiro wadda ba za ka gani ba sai allurar matsin mai ta fara rawa.

Shin injin yana zaune inda ya kamata?

Kafin ka zargi kaskon da ka saya, zargi injin sit. A Chevelle ta 1968 zuwa 1972 Chevrolet ta yi amfani da iri biyu a ƙananan V8, kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai gajere mai faɗi, wanda tsakanin kunnuwansa inci 2 da 5/8 ne, na motocin da suka fito da injin 307. Akwai dogo matsattse, mai inci 2 da 3/8, na 350. Kowanne yana da nasa ƙafafun da ke ɗaure a shasi. Dogon ba ya shiga ƙafar gajeren, don haka ba a yin wannan kuskure. Amma gajeren yana shiga ƙafar dogon lafiya lau, har da sarari, sai injin ya sauka ƙasa da kusan rabin inci ba wanda ya lura. Mai sayar da kaya ya duba kwamfuta ya miƙo maka abin da ta ce, kuma motar da ta haura shekara hamsin ba lallai ƙafafun da ke jikinta su ne ta fito da su ba. Leƙa ka gani: in akwai sararin rubu'in inci tsakanin kunnen injin sit da ƙafar shasi, ka gano ɓarawon. A irin wasiƙarka, nan na fi sa kuɗina.

In kuma tsofaffin injin sit ka mayar, roba ta riga ta zube. Waɗannan robobi suna da tarihi. A ƙarshen 1971 General Motors ta kira motocin Chevrolet kusan miliyan 6.7, na shekarun 1965 zuwa 1970, saboda injin sit na ɓangaren direba yana rabuwa, inji ya ɗaga ya ja totur ya buɗe da kansa. Darasin da ke ciki gare ka shi ne inji ba ya zama wuri ɗaya. Da ka taka totur, ɓangaren direba yana ɗagawa, ɗaya ɓangaren yana dannawa ƙasa, kuma 383 ya fi 350 ƙarfin murɗawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa kaurin katin banki ba tazara ba ce. Ni ina neman rabin inci tsakanin kasko da ƙarfen gicciye. In injin sit ɗin masu tauri ne na foliyuritan, masu maƙalewa da juna ko da roba ta rabu, ina iya haƙura da inci 3/8.

Duba bayan kuma. Robar da ke riƙe giyabos in ta zube, ko an ɗaura ƙarfen giyabos a ramukan da ba nasa ba, injin yana karkata ko ya zame gaba. Ramukan sun bambanta tsakanin giyabos ɗin otomatik TH350 da TH400, kuma mutane suna canza giya ba su matsar da ƙarfen ba. Shasin waɗannan motoci shi ma yana lanƙwasowa ciki da tsufa da nauyin inji. In mai saita tayoyi ya ce maka ya cire duk shim, wato siraran ƙarafan saiti, amma taya tana kwance ciki, alama ce.

Sai maganar washa. Ba haramun ba ce, amma ba washa ɗaiɗai ba. Faranti ake yankawa mai kaurin inci 1/8 zuwa rubu'in inci, mai ramuka uku daidai da na injin sit, a sa tsakaninsa da bulok a ɓangarorin biyu, da kusoshi masu ɗan ƙarin tsawo. Fiye da rubu'in inci sai abubuwa su fara biyo baya: fanka ta kusanci murfin lagireto, tukunyar iska ta taɓa bonet, bututun hayaƙi ya matsa, sandar kuloci ta karkace in giyar hannu ce. Kusurwar furofela ma tana canzawa. Ana so layin inji da giya ya yi daidai da na difaransha cikin digiri ɗaya, kuma kusurwar kowane joyin kada ta wuce digiri uku, in ba haka ba za ka samu girgizar da ba ka da ita a da. Ɗaga inji don gyara kuskuren injin sit ba gyara ba ne. A sayi wanda ya dace, ya fi arha ma.

Sitiyari da ƙasa

A Chevelle sandunan sitiyari suna gaban ƙarfen gicciye, suna wucewa ƙarƙashin gaban kasko mara zurfi. Kaskon da aka ƙara wa zurfi a gaba don dogon karanshaf yana iya kusantar kan tayarod na ciki, musamman nonon giris ɗinsa. A gwada wannan motar tana tsaye a kan tayoyinta da nauyinta, ba a rataye a kan jak ba, wani yana juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kai kana kallo da tocila. Hannun da ke riƙe sandar tsakiya a ɓangaren fasinja in ya saki, sandar tana hawa da sauka, sai ta taɓa a kan hanya alhali a gareji ba ta taɓa ba. Kaskon da ke da fukafukai a gefe kuma abokan faɗansa su ne kik da bututun hayaƙi.

Sannan durƙusa ka kalli motar daga gaba. In rijiyar kasko ta sauko ƙasa da ƙarfen gicciye, ita ce za ta fara gaisawa da duk wani tudu. Titunan Houston ba su rasa ramuka, in kuma kana da niyyar wata rana ka sa ta a kwantena ka kai gida, ka tuna da tudun rage gudu na unguwanninmu, wanda kowa ke gina nasa daidai son ransa. Ga motar yawo a titi, kasko mai zurfin asali da fukafukai, ko ma na kwat 5 mai shinge a ciki, ya fi mai zurfi hankali. Yawan mai yana taimakawa wajen sanyaya shi, amma 383 na titi ba ya mutuwa don kwat 5. Abin da ke kashe shi rariya ta rasa mai.

Zaɓin da ke gabanka

In ka tabbatar injin yana zaune daidai amma har yanzu gaban rijiya yana kan ƙarfe, to kaskon ba na wannan shasi ba ne. "Ya dace da ƙaramin bulok na Chevy" da aka rubuta a kwali magana ce a kan inji, ba a kan mota ba. Akwai masu doguwar rijiya da aka yi don motocin tsere ko wasu Corvette, waɗanda ba sa shiga Chevelle. Haka abin yake a sauran motoci: Chevy II ta 1964 zuwa 1967 mai V8 rijiyarta a gaba take saboda sitiyari, Mustang ta shekarun 1960 mai 289 ko 302 ita ma a gaba, Charger da Road Runner masu 383 ko 440 na Chrysler a tsakiya. Shasi ne ke zaɓar kasko. In bai taɓa mai ba kuma ba ka lotsa shi ba, mai yiwuwa su karɓa su canza maka, wanda shi ma dalili ne na ajiye guduma. Nemi wanda aka rubuta ƙarara cewa na Chevelle 1964 zuwa 1972 ne, kuma yana ɗaukar tafiyar inci 3.75, ka sayi rariyarsa tare.

Wajen oda ka san bulok ɗinka, kada ka dogara da shekarar mota. Lambar zubi tana bayan bulok ta ɓangaren direba, a kan leɓen da giyabos ke haɗuwa. 3970010 ita ce ta fi yawa a 350 na 1969 zuwa 1979. Har 1979 sandar geji tana ɓangaren direba, daga 1980 ta koma na fasinja, daga 1986 kuma sil ɗin bayan karanshaf ya zama guda ɗaya maimakon biyu, kasko da gaskit suka canza gaba ɗaya. Akwai kuma kaurin robar da ke hana yoyo a gaban kasko. Ɗora rula a kan leɓen kasko, auna zuwa gindin lanƙwasar gaba: inci 2 da rubu'i na siririyar roba ne, inci 2 da 3/8 na mai kauri. Yawancin kaskunan kasuwa mai kauri suke so, ko da bulok ɗin na 1969 ne.

Guduma tana da wurinta, ƙarami. Kaskon ƙarfe, lotsawar da ba ta wuce inci 1/8 ba, a bango ko a gaba mara zurfi, kasko a cire, an tokare bayansa da katako ko bakin soket, da guduma mai zagayayyen kai. Bayan haka a sake awon yumɓu da juyawa, a kuma ɗora rula a leɓe a ga bai murɗe ba. Kaskon alminiyon zubi ba ya lotsewa, tsagewa yake. Masu walƙiyar kurom na arha kuwa, ko ba guduma leɓensu ba ya cika miƙewa, ni ba na ɗaura su.

In ana buƙatar fiye da haka, yanka da walda ne. Mai walda ya yanke kusurwar da ke taɓawa ya cike da faranti mai kauri ɗaya, kasko yana ɗaure a jikin tsohon bulok don kada zafi ya murɗe shi, yana ɗigawa yana bari ya huce. In an gama a zuba kananzir a bar shi ya kwana a kan takarda; kananzir yana gano hudar da ruwa ba ya bi. Kuɗin mai walda nagari a Amurka sau da yawa ya kai kuɗin sabon kasko, sai ka lissafa.

Yanke ƙarfen gicciye na shasi shi ne na ƙarshe, kuma a 383 cikin Chevelle ban ga dalilinsa ba, tunda irin motar nan ta fito daga kamfani da injin 396 da ya fi wannan girma. Ƙarfen nan ne ke riƙe hannayen tayoyin gaba. Masu sa injin LS na zamani wani lokaci suna zaftare shi su rufe da faranti, amma su ma yanzu kasko irin Holley 302-2 ya rage musu wannan aiki. Chevelle ta 1969 mai shasin da ba a taɓa ba tana da darajarta a wurin masu saye.

Ranar haɗawa

Ɗiga silikon kaɗan a kusurwa huɗu kawai, inda murfin taimin da murfin metal na baya suka haɗu da bulok. Wanda ya shafe gaskit duka da silikon, ragowar da ta matso ciki rariya take zuwa ta toshe. Ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa waje, a zagaye biyu ko uku, ƙanana wajen fam-ƙafa (ma'aunin ƙarfin ɗaure kusa) 7 zuwa 8, manyan kusurwa wajen 12, sai dai in takardar gaskit ɗin ta faɗi wani abu daban, to bi ta. Bayan an ɗaure duka, sake juya injin zagaye biyu da hannu kana saurare.

Gejinka na asali ba zai faɗi gaskiya a sabon kasko ba. Zuba adadin man da mai kaskon ya faɗa, cika filta, juya famfon da dirila ta ramin distiributa har mai ya fito a kan rokoki kuma agogo ya nuna matsi, jira ya sauka, sannan ka yi sabuwar alama a jikin sandar da fayil. Tabbatar kuma sandar tana shiga har ƙasa ba ta karo da farantin tare mai ko karanshaf ba.

In kamshaf ɗinka irin na da ne mai lifta mara taya, tashin farko zai ɗauki minti 20 zuwa 30 a juyi 2,000 zuwa 2,500, da mai mai sinadarin zinc, kuma ba a son a yi ta kashewa ana tayarwa. Wannan ba lokacin gano yoyo ko ƙara ba ne. Sa agogon matsin mai na gaske inda za ka gan shi. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce aƙalla matsin fam 10 (PSI) a kowane juyi dubu a minti idan mai ya yi zafi. Kafin fitar farko shafa alli a saman ƙarfen gicciye da kan tayarod, ka yi tafiyar da ta haɗa da taka totur sosai, birki mai ƙarfi da kwana ta dama da ta hagu, ka dawo ka duba ko allin ya hau jikin kasko.

Daga nan ba na iya ganin motarka, don haka aiko min da abu huɗu in ka samu sarari: faɗin tsakanin kunnuwan injin sit da na ƙafar shasi, kaurin yumɓun rariya, hoton inda maka ta goge a cikin kasko, da lambar kaskon da ka saya. Da su zan iya ce maka ko canza injin sit ya wadatar, ko kaskon ne zai koma shago.